Gutsuren Farko

Shekara sha tara ina yanka burodi
a bakin titin jirgi, Agege,
tun kafin ladan, tun kafin 'yan danfo su fara ihu.
Da shi na biya haya, da shi na auri Barira,
da shi na sayi ragon sunan Mamuda.

Gutsuren farko na kullum nasa ne.
In tsoma a shayi, in hura, in miƙa,
ya karɓa hannu biyu, yana tari.

Tarin nan tare suka girma.
Muka ce hayaƙin janareton maƙwabta ne.
Muka ce ruwan Ikko ne da ba ya ɗaukewa,
bangon ɗakinmu kullum cikin gumi.
Ran da ja ya ɓata bakin filo
Barira ta juya shi, wai kada in gani.
Na gani.

Yaba, wata shida, ƙwaya kowace safiya.
Ya shanye tas, tarin ko a jikinsa.
Sau uku ana ƙara masa jini,
ɗiban ruwa da kwando.
Ɗan shekara tara cikin wandon ɗan shida,
ciki kamar an kifa ƙwarya,
dare kuwa tsakanin tabarma da bayi.

Idi-Araba. Likita Oyelaran,
gajeriyar mace, tabarau a goshi,
ta ɗaga hoton ƙirjinsa ga hasken taga, ta daɗe.
Ina jiran zancen huhu,
sai ta ce, "Me yake ci?"
Na yi dariya. "Ai ni mai shayi ne."
Ita ba ta yi ba.

Aka ɗebi jini. Aka zura masa siririyar igiya mai ido
ta maƙogwaro, ta je ta gano mana hanji.
Mako uku, ta ce in zauna.
Alkama ce, in ji ta. Jikinsa gaba yake da ita,
kuma a wasu yara, 'yan ƙalilan,
rigimar ba ta tsayawa a ciki, takan haura ƙirji.
"Yadda take hawa, har yanzu bincike ake.
Ban yi maka alkawari ba. Mu gwada."

Na so in ce ina ruwan hanji da huhu,
sai na tuna gidan hayarmu:
na ƙasa ya ƙona wake,
na bene ke kwana da tari.

Daga Mushin zuwa Oshodi ban ji kwandasta ba.
Lissafi nake.
Gutsure ɗaya kullum, sau shekara takwas,
da hannun nan, da bisimilla.

Burodi ya fita. Taliya ta bi shi,
fanke, cincin, biskit ɗin makaranta,
har alkakin da kakarsa ke aikowa daga Zariya.
Barira ta ware masa tukunya da ludayi,
ta ɗaura musu jan zare.
Iya Rasaki ta ƙofar gabas
ta koya mata tuƙa amala ba gudaji,
ba ta karɓi ko sisi ba.

Wata takwas ke nan.
Tarin bai tafi duka ba, kada in yi ƙarya,
yakan leƙo in hadari ya haɗu.
Amma filo fari ne.
Shekaranjiya ya haye gadar ƙafa ta Pen Sinima a guje,
ya tsaya a sama yana yi mini gwalo,
ni ne a ƙasa ina haki.

Ran Asabar yakan zauna gefen tebur yana ba da canji.
In burodi ya iso da zafinsa
sai ya juya fuska wajen jirgi,
ni kuma in yi kamar ina neman wuƙa.
Sai na wanke hannu sau biyu
kafin in shafa kansa.

Gutsuren farko har yau ina yanka shi,
hannu ya riga ya saba.
Yakan kwana a bakin faranti har ya bushe.